Ƙauyukan da birnin Yamai ya haɗiye: daga Gudel da Saga zuwa bakin hanyar Filinge

Da dama daga cikin unguwannin da ke gefen birnin Yamai a yau tsoffin ƙauyuka ne da suka girmi birnin kansa. Gudel, Gamkalle, Saga da Lamorde suna nan da sarakunansu da gonakinsu da makabartunsu tun kafin Faransawa su kafa bariki a bakin kogin Isa a farkon shekarun 1900. Birnin ya zo ya same su, ya kewaye su, ya mayar da gonakinsu fegi-fegi. Mutanen da suka cika waɗannan fegi kuwa galibinsu baƙi ne daga karkara, kuma kaso mai yawa ya fito ne daga arewa da arewa maso gabas, wato Zarmaganda, Tondikandiya, Tagazar da ƙasar Kurfai. Cinikin ƙasa tsakanin masu gonakin gado da waɗannan baƙi shi ya fitar da siffar gefen Yamai kamar yadda ake ganin sa yanzu, shi ne kuma tushen yawancin rigingimun fili da ke gaban alƙalai.

Shimfiɗar ƙasa

Kogin Isa, wanda ake kuma kira Neja ko Kwara, yana ratsa Yamai daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Zabarmawa da Sonrai na kiran gaɓar hagu da sunan Hausa, gaɓar dama kuma Gurma, kuma wannan rabo ya girmi duk wata iyakar gunduma. Gaɓar hagu tudu ne mai faɗi wanda ya ɗara kogin tsawo, shi ya sa tsohon birni da ma'aikatu da manyan kasuwanni duk suke can. Wani kwari mai suna Gunti Yena ya tsaga tudun gida biyu kafin ya faɗa kogi. Gaɓar dama fadama ce mai ƙasa-ƙasa, da tsoffin hanyoyin ruwa da tafkuna, sai can baya tsaunuka masu shafaffen kai suka tokare ta.

Kogin na cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina a watannin Agusta da Satumba, mai jan ruwa, wadda ke zuwa daga rafukan Sirba da Dargol da Goruwol na ɓangaren Burkina Faso. Akwai kuma cikar da ruwan Gini ke kawowa a lokacin sanyi, wajajen Disamba zuwa Fabrairu. Ta farkon ce mai ɓarna. Tsoffin ƙauyukan bakin kogi sun san haka, shi ya sa suka kafa gidajensu a kan tuddai suka bar fadama ga shinkafa da lambu da kiwo. Unguwannin da aka yi daga baya ba su bi wannan ƙa'ida ba.

Ƙauyukan farko da zuwan Faransawa

Cibiyar tsohon Yamai ƴan ƙauyuka ne a kusa da bakin Gunti Yena: Mawrai, Kallai, Gawai, Zongo da Fulani Kwara. Mawri shi ne sunan da Zabarmawa ke kiran Arawa, mutanen da asalinsu ke komawa ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, kuma tarihin baka na cewa waɗanda suka kafa Mawrai sun tsallako ne daga tsibirin Neni. Kallai ta Zabarmawan Kalle ce, Gawai ta masunta da maharba, Zongo kuma masaukin fatake ne, Hausawa mafi yawa, kamar dai sauran zangunan da ke kan hanyar Gwanja.

Wani hafsan Faransa mai suna Salaman ne ya yi ƙoƙarin tara jama'a a wurin a farkon ƙarni na 20, har tsofaffi na kiran Yamai da garin Kaftan Salma. An zaunar da hedikwatar yankin soja a nan na ƴan shekaru, aka mayar da ita Damagaram a 1911, sannan aka dawo da ita Yamai a 1926 zamanin gwamna Jules Brévié. Daga nan ne aka fara tsara gari. Turawa suka ɗauki tudun da ke yamma da Gunti Yena, wanda har yau ake kira Plateau, suka bar ƴan ƙasa a gabashin kwarin. Gobarar 1935 ta cinye bukkoki masu yawa, hukuma ta yi amfani da wannan dama ta ja mutane daga bakin kogi zuwa kan tudu, inda aka yanka layuka miƙaƙƙu aka ce a yi ginin laka.

Tayar da unguwa sukutum bai ƙare da mulkin mallaka ba. A wajajen 1980, lokacin da kuɗin uraniyom suka shigo, an tayar da mutanen Gawai domin gina babban otal mai wannan suna da zauren taro na Palais des Congrès. An ba su wuri a ƙetaren kogi, suka tafi da sunan unguwarsu. Saboda haka Gawai biyu ce a Yamai: otal a gaɓar hagu, jama'a a gaɓar dama.

Yamma: Yantala, Gudel da Sudure

Wanda ya bi kogi sama daga Plateau zai fara cin karo da Yantala, wadda ta rabu biyu, ta ƙasa a bakin ruwa da ta sama a kan tudu. Lambunan bakin kogi na Yantala na cikin waɗanda ke ciyar da kasuwannin birni da salati da kabeji da tumatir a lokacin sanyi. Gaba da ita sai Gudel, tsohon garin Zabarmawa wanda gidan sarautarsa ke da iko da gonaki masu faɗi a arewa maso yammacin birnin. A kan irin waɗannan gonaki ne aka yanka unguwannin masu hali kamar Kwara Kano. Bahaushe da ya ji sunan sai ya zaci Kano ta Dabo ake nufi, alhali da Zabarmanci kaano na nufin mai daɗi, wato gari mai daɗin zama.

A Gudel da Yantala ne matatun ruwan pampo na Yamai suke, akwai kuma tashar wutar lantarki a Gudel. Duk da haka cikin tsohon garin har yanzu lunguna ne ƙanana masu karkacewa da gidajen gado na dangi, abin da ke bambanta shi nan take da layukan da injiniya ya ja da igiya a kewayensa. Wannan alama ce da ake gane duk tsohon ƙauye da ita a cikin Yamai.

Can gaba a kan hanyar Tilaberi akwai Kubiya, Losogungu, Tondibiya mai sansanin horar da sojoji, da Sudure. Sudure ƙaramin ƙauye ne amma ya haifi mutum biyu da suka yi takarar jagorancin Nijar a jajibirin ƴancin kai: Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, wanda aka haifa a 1916, da Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba, wanda aka haifa a 1922, shi ne kuma zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A lokacinsu zuwa Sudure tafiya ce ta fita gari. Yau tana cikin gunduma ta ɗaya ta birnin.

Gabas: Gamkalle da Saga

Gamkalle na bin kogi ƙasa daga tsakiyar gari, kuma ita ma kashi biyu ce, Sebangai da Gole. Ita ce ƙauyen da birni ya fi matsewa, domin barikokin soja da yankin masana'antu da mayanka duk an kafa su ne a kewayenta. Abin da ya rage mata shi ne lambuna da majemar fata ta bakin kogi.

Saga ta fi samun sarari. Gari ne mai sarkin kanto, kuma fadamarsa ta zama filin noman shinkafa na zamani mai magudanan ruwa, inda ake girbi sau biyu a shekara. Gonakin tudu na mutanen Saga sun miƙa har arewa da filin jirgin sama na Diori Hamani, shi ya sa ake samun ƙauyuka masu suna Saga Goru can nesa da kogi, kusa da hanyar Filinge. Talaje, wadda ta taso a shekarun 1960 ba tare da tsarin hukuma ba, ta zauna ne a kan filayen da masu gonakin gado suka yanka suka sayar wa talakawan da ba su samu fegi a hannun gwamnati ba. Daga baya hukuma ta amince da ita ta buɗe mata hanyoyi. Unguwar Pays-Bas, wadda ta samu sunan saboda tana cikin kwazazzabai da tsoffin ramukan haƙar ƙasa, ta biyo wannan sawu.

Harobanda

Har zuwa 1970 gaɓar dama karkara ce, sai da jirgin ruwa ko kwalekwale ake zuwa. Fulanin Bitinkoji ne ke da rinjaye a can, kuma sunan Lamorde da Fulatanci na nufin mazaunin sarauta. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita ta sauya komai. Jami'a ta biyo baya a farkon shekarun 1970, wadda aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, sai asibitin Lamorde wanda yanzu ke amsa sunan Amirou Boubacar Diallo, da cibiyar Agrhymet. Ƙauyukan Kirkisoi, Karaje, Nogare da Sagiya suka zama unguwanni, aka kira yankin baki ɗaya Harobanda, wato bayan ruwa. Gada ta biyu, ta abotar Sin da Nijar, ta zo a 2011. Ta uku an buɗe ta a 2021, tana ɗauke da sunan Janar Seyni Kountché, ɗan gidan sarautar Tondikandiya da aka haifa a Fandu a 1931, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 har rasuwarsa a 1987.

Baƙin da suka cika unguwanni

Hanyar ƙasa mai lamba 25 ce ke haɗa Yamai da Filinge, tafiyar kimanin kilomita 180, ta Hamdallai da Balleyara da Bonkuku. Tana shiga kwarin Dallol Boso, tsohon kogi da ya ƙafe amma ruwansa na kusa a ƙarƙashin ƙasa. Tondikandiya, mai hedikwata a Damana, ƙasar Zabarmawa ce da ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 100 a cikinta. Arewa da ita sai Kurfai ta Kurfayawa masu magana da Hausa, waɗanda Zabarmawa ke kira Suje. Noman hatsi da wake a wannan yanki ya dogara ga damina guda mai gajeren zango, kuma tun zamanin Turawa samarinsa suka saba da cin rani, wasu har Kumasi da Akara, wasu iyakarsu Yamai.

Kowace babbar yunwa ta bar unguwa a Yamai. A 1931, shekarar fara, jama'ar Zarmaganda da yankin Filinge sun kwararo birnin neman abinci, wasunsu ba su koma ba. Sunan Bukoki ya isa shaida a kan yadda baƙi suka fara zama a arewacin gari, cikin bukkokin zana da kara, kafin a yanka wurin ya zama unguwanni huɗu masu cunkoso. Lazare ta samo asali ne daga sansanin da aka tara dubban mutanen da farin 1973 zuwa 1974 ya raba da dabbobinsu, Buzaye da yawa a cikinsu, har da na Mali. Farin 1984 ya ƙaro wasu. Kwara Tegi, wato sabon gari da Zabarmanci, an kafa ta ne domin zaunar da mutanen da aka tayar daga wasu sassan birni, ta kuma zama masaukin sababbin zuwa daga Walam da kewaye. A Harobanda akwai unguwa sukutum mai suna Zarmagandai. A ƴan shekarun nan rashin tsaro a arewacin jihar Tilaberi, daga Banibangu zuwa Abala da Filinge, ya sake turo iyalai da dama zuwa gidajen dangi a waɗannan unguwanni.

Sunayen Hausa da ke warwatse a taswirar birnin na nuna hannun ƴan kasuwa da masu sana'a: Katako inda ake sayar da kayan gini, Turaku kasuwar dabbobi, Wadata, Sabon Gari, Ɗan Gawo. Dabbobin da ake saye ranar Lahadi a kasuwar Balleyara da dankalin Turawa na Bonkuku ta hanyar Filinge suke shigowa, kuma ɗan Kurfai ko ɗan Damana da ya tara ƴan kuɗi yakan fi son ya sayi fili a wannan ɓangare, inda motar garinsu ke wucewa. Haka unguwar Niamey 2000 da na bayanta suka cika, har gine-gine suka doshi Saga Goru da Kongu Goru.

Yawan jama'a

Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen Yamai ba su wuce kimanin dubu 30 ba. Ƙidayar 1977 ta samu wajen dubu 240, ta 1988 kusan dubu 400, ta 2001 kimanin dubu 700. A 2012 an ƙidaya mutum 1,026,848 a jihar Yamai. Rabon wannan adadi a gundumomi biyar na nuna inda nauyin birnin ya koma. Gunduma ta huɗu, mai ɗauke da Gamkalle, Saga, Talaje, filin jirgi da Niamey 2000, ita ce kan gaba da mutum 274,484. Ta biyu, inda Bukoki da Lazare da Kwara Tegi suke, tana da 246,898. Ta ɗaya, ta Yantala da Gudel, 210,020. Ta uku, wadda ta haɗa da Kallai da babbar kasuwa, 163,175 kawai. Ta biyar, Harobanda, 132,271. Tsohuwar cibiya ta zama wurin kasuwanci da ofisoshi, barci kuwa a gefe ake yin sa. Waɗannan alƙaluma sun tsufa, kuma duk wanda ya ga layin faba-faba da safe a bakin hanyar Filinge ya san an wuce su da nisa.

Yadda gona ke komawa fegi

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta hukuma: ma'aikatar magajin gari ta yanka fili, abin da ake kira lotisma, a kafa turakun siminti, a ware hanyoyi da wurin lakwal da asibiti da kasuwa, a ba masu gonakin gado wani kaso na fegin a matsayin diyya, a sayar da saura. Mai saye na samun takardar da ake kira acte de cession, wadda da ita ce zai iya neman titre foncier, takardar mallaka mafi ƙarfi. Ta biyu ita ce mai gona ya yanka da kansa ya sayar, mai gari ko mai unguwa ya sa hannu a takardar shaidar mallakar gargajiya. Wannan ta fi araha, ita ce kuma talaka ke iyawa, sai dai unguwar da aka yi ta haka ba ta da hanyar mota ko magudanar ruwa, pampo da kuran kan yi shekaru ba su iso ba, ƴan garuwa ne ke shayar da ita.

Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya a matsayin haƙƙi na gaske, abin da ya ƙarfafa gwiwar gidajen Gudel da Saga da Gamkalle da Lamorde wajen neman diyya. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar yin lotisma, a farkon shekarun 2000 kuma gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da fegi. Sakamakon haka an yanka fili fiye da abin da ake iya ginawa, fegi ya zama ajiyar kuɗi, birni ya yi ta faɗi ba tare da ya cika ba. Turakun siminti sun tsallake iyakar jihar Yamai sun shiga ƙasar Libore da Hamdallai da Karma na gundumar Kollo, inda wata hukumar ce daban ke ba da takarda. A nan ne ake yawan samun fegi guda da takardu biyu ko uku, ko kuma magada su taso bayan shekaru su ce wanda ya sayar ba shi kaɗai ke da gonar ba. Mai saye da ya tsaya ga takardar dillali bai binciki gonar wane gida ce tun asali ba, shi ya fi kowa shiga haɗari.

Manomin da ya karɓi diyya shi ma ba kullum yake cin riba ba. Fegi goma kan ƙare cikin ƴan shekaru a biki da aikin hajji da sayen mota, gonar da ke ba da hatsi kowace shekara kuwa ta tafi ke nan. A tsoffin ƙauyukan akwai jikokin masu ƙasa da yanzu suke gadi ko aikin birkila a gidajen da aka gina a kan gonakin kakanninsu.

Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye birnin ta arewa da gabas, mai tsawon kimanin kilomita 25 da faɗin kilomita guda, an yi shi ne a kan gonakin waɗannan ƙauyuka. An so ya tare ƙura ya kuma zama iyakar gari. Yau yana tsakiyar gari, an ci wani sashe nasa da gine-gine da juji, kuma maganar diyyar masu gonakin ba ta mutu ba.

Ambaliya

Unguwannin da aka gina a fadama su ke biyan kuɗin wannan faɗaɗa. An yi ambaliya mai tsanani a 2010 da 2012, bayan ta 2012 aka kwashe wasu iyalai zuwa Seno a kan tudun gaɓar dama, ko da yake da yawa sun koma gidajensu saboda nisa da rashin ruwan sha da abin hawa. A ma'aunin kogi na Yamai santimita 620 ne matakin jan gargaɗi. A watan Satumban 2020 ruwa ya kai wajen santimita 700, madatsar da ke kare Lamorde ta ɓalle, ruwa ya mamaye Lamorde, Karaje, Zarmagandai da Kirkisoi, ya kuma shanye shinkafar Saga. A kan tudu ma ba a tsira ba, domin gidajen da aka gina a kan hanyoyin ruwa na Gunti Yena da kwarurukan arewa maso gabas na rushewa da ruwan sama kaɗai.

Tsarin mulki

A ƙarshen shekarun 1980 aka ware Yamai daga jihar Tilaberi aka ba ta matsayin kanta da kwamin uku, aka mayar da su biyar a farkon shekarun 2000. Tun 2010 birni guda ne mai gundumomi biyar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, an rusa majalisun da aka zaɓa a watan Afrilun 2024, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe birnin da gundumominsa. A ƙarƙashin duk waɗannan sauye-sauye sarautun gargajiya na nan: sarkin kanton Saga, masu garin Gudel da Gamkalle da sauransu, da masu unguwanni da ke tara haraji suna sasanta rigimar iyaka. A takardun ƙidaya ma har 2012 ana rarrabe unguwanni da ƙauyuka a cikin jihar Yamai, kuma wurare irin su Kongu Goru da Saga Goru a layin ƙauyuka aka rubuta su.